Ƙuguna ya riƙe na kwanta sati biyu, ashe kwanciyar ce ta ƙara min ciwo

Takalmin yaro fa na sunkuya zan ɗauka. Ba buhun siminti ba, ba wani kaya mai nauyi ba, takalmin yaro ɗan shekara uku ƙafa ɗaya da ya shige ƙarƙashin kujera. Ina sunkuyawa naji wani abu ya ce ƙas a ƙuguna kamar an fizgi igiya daga ciki, shi kenan miƙewa ta gagara. Haka na tsaya a duƙe hannu ɗaya kan kujera, yaron yana ta ƙyalƙyala dariya ya ɗauka wasa nake masa, ni kuwa gumi ne kawai ke keto min ta ko'ina. Da rarrafe na kai kaina gado.

Abin da ya biyo baya duk wanda ya taɓa ciwon baya ya san shi. Kowa ya zama likita. Wannan ya ce kar ka kuskura ka motsa, wancan ya ce ka koma kwana a ƙasa, wani abokina ya aiko min da bel ɗin nan mai faɗi da ake ɗaurewa a ƙugu, wani kuma ya ce ai allura uku kawai za a maka ka miƙe garau. Ni kuma duk na bi, don wanda ciwo ya kama ba ya musu. Sati biyu cur ina kwance, ban da banɗaki ba inda nake zuwa, kuma abin mamaki ranar da na ce bari in tashi sai naji bayan ya ƙara sandarewa fiye da ranar farko, ƙafafuna kamar ba nawa ba. Daga nan hankalina ya tashi na ce lallai akwai abin da ya karye ko ya goce a ciki, na matsa sai da aka min hoton MRI. Takardar sakamakon ta fito da wasu dogayen kalmomi, wai faifan da ke tsakanin ƙashi na huɗu da na biyar ya ɗan bultso, wai akwai alamun zaizayewa. Da daddare na zauna na dinga zuba kalmomin nan a intanet ɗaya bayan ɗaya, kuma kun dai san intanet, ka tambaye ta ciwon kai ta nuna maka makara. Kafin gari ya waye na gama yanke wa kaina hukuncin keken guragu.

Wata biyar na yi a haka. Na daina ɗaukar yarona, na daina sunkuyawa kwata-kwata, in biro ya faɗi sai in kira wani ya ɗauko min, tafiya kuwa kamar mai ɗauke da tiren ƙwai a ka. Bel ɗin nan ko barci da shi nake. Ciwon kuma ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ba ya tsananta ba ya tafiya, yana nan dai kullum kamar baƙon da ya manta hanyar gidansu.

Ba ma don bayan naje ƙaramin asibitin unguwa ba, rigakafin ƙanwar yaron muka kai. Wata nas ce babba, ta kusa ritaya daga gani, tana cike kati sai ta ɗago ta kalli yanda nake lallaɓawa zan zauna a benci, hannu ɗaya a ƙugu ɗaya a bango. Ta ce, “Malam, tun yaushe?” Na ce wata biyar Sista, faifan bayana ne ya zame, har hoto an yi. Ta ce in an gama da jaririyar in shigo.

Ni na zata hoton za ta fara nema, don yana cikin wayata ina nuna wa duk wanda ya tsaya saurare. Ko kallonsa ba ta yi ba da farko. Tambayoyi ta shiga jero min. Fitsari yana fita daidai, ko yana riƙewa, ko yana zubo maka ba ka sani ba? Bayan gida fa? In ka zauna ko kana tsarki, kana jin wurin ya mutu kamar an yi masa allurar kashe zafi? Ƙafa tana sagewa ko tana jan ƙasa? Zazzaɓi? Gumin dare? Ka rame ba dalili? An taɓa ce maka kana da ciwon daji ko tibi? Faɗuwa ka yi ko hatsari? Duk na ce a'a. Ta sa na taka a kan dunduniya daga bakin ƙofa zuwa tebur, na dawo a kan yatsu, ta ƙwanƙwasa min gwiwa da ɗan gudumar roba, ta kwantar da ni ta ɗaga ƙafata a miƙe ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta karɓi wayar ta karanta takardar, ta miƙo min ta ce, “Malam, in na kwashi mutum goma sa'anninka a bencin can waɗanda ba abin da ke damun bayansu na kai su hoton nan, wajen rabinsu irin wannan takardar za a ba su. Furfura ce, ta ciki. Bayanka bai lalace ba, tsoro ne ya ɗaure ka, cire bel ɗin nan ka fara tafiya.”

Gaskiya haushi naji. Wata biyar ina fama, mace ta dube ni minti goma ta ce tsoro ne, ko allura ba ta rubuta ba. Na fito ina ce wa maiɗakina wannan ai ba ta san aikinta ba. Amma maganar rabin mutum goma ɗin nan ta tsaya min a rai, na koma na bincika, wannan karon ba da ƙarfe biyun dare ba, sai na tarar ba daga kanta ta ƙirƙiro ba. A 2015 an tattara binciken hotunan bayan mutanen da ba sa jin ciwon komai, aka ga a cikin 'yan shekara 20 kashi 30 cikin 100 faifansu ya bultso, a 'yan shekara 40 kashi 50, a 'yan shekara 80 kuwa kashi 84. Lafiyarsu ƙalau suna harkokinsu. Wato hoton da na biya aka min ya nuna gaskiya, faifan ya bultso ɗin, amma ba wanda zai iya rantsewa shi ne ke min ciwo, wataƙila ma ya shekara goma a haka ban sani ba.

Daga nan ne na shiga karance-karance kan abin, kuma na gane ashe ni ɗaya ne cikin taron da ya fi ƙarfin ƙirga. A 2020 mutum miliyan 619 ne ke da ciwon ƙugu a duniya, ana hasashen za su kai miliyan 843 nan da 2050 saboda jama'a na ƙaruwa kuma ana ƙara tsufa, kuma shi ne kan gaba a duk duniya cikin abubuwan da ke hana mutum aiki da walwala. Ba ya kisa shi ya sa ba a yi masa gangami, sai dai ya cinye maka shekaru a tsaye. Kusan tara cikin goma na masu shi kuma ba a iya nuna wata cuta takamaimai a ce ga ta, ba karaya, ba ƙari, ba ƙwayar cuta, tsoka ce da jijiyoyi da gaɓoɓi suka yi fushi. Mafi yawa cikin 'yan makonni yake lafawa da kansa. Wanda ya wuce wata uku shi ake kira mai naci, kuma shi ne bala'in.

Toh abin da ya fi tsaya min shi ne wannan tsakanin, daga ranar da baya ya riƙe zuwa cikar wata uku. A nan ake cin wasan ko a faɗi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A makonnin nan mutum ke yanke shawara a ransa ko bayansa abu ne mai ƙarfi da ya ɗan ji jiki, ko kuwa gilashi ne da ya tsage. In ya ɗauki na biyu sai ya kwanta, in ya kwanta tsokokin da ke riƙe da gadon baya su saki su yi rauni, gaɓoɓi su sandare, barci ya lalace, damuwar aiki da na kuɗi ta hau kai, su kuma jijiyoyin da ke kai saƙon zafi su ƙara zama a faɗake har ɗan motsin da bai kai ya kawo ba su kai rahoto kamar gobara. Sai ya motsa yaji zafi, ya ce ka gani ko, ya koma ya kwanta. Haka abin ke zagayawa. Ba wai ciwon ƙarya ba ne ko a kai yake, wallahi zafin gaske ne, ni shaida ne, sai dai abin da ke rura shi a wata na biyar ba shi ne ya kunna shi a ranar farko ba.

Kuma wannan ba sabon ilimi ba ne, shi ne abin haushin. Tun 1995 aka wallafa wani gwaji da aka yi a Helsinki ta ƙasar Finlan, aka raba ma'aikatan da bayansu ya riƙe gida uku, wasu kwanciyar kwana biyu, wasu atisayen baya, wasu kuma aka ce su ci gaba da harkokinsu gwargwadon yanda za su iya jurewa. Na ukun nan su suka riga kowa warkewa. Kwana biyu fa kacal, ni kuwa na zuba sha huɗu. A jihar Biktoriya ta Ostireliya ma daga 1997 sai da aka yi kamfe a talabijin ana faɗa wa mutane kar su kwanta wa ciwon baya, kuma tunanin jama'a da na likitocin kansu ya sauya, masu neman diyyar ciwon baya a wurin aiki suka ragu. Magana ce kawai aka yi wa mutane, ba wata na'ura aka sayo ba.

Shi ya sa nake ganin wannan aikin na ƙaramin asibiti ne, ba na babba ba. Babban asibiti sai ka yi wata da watanni kana jiran layin ganin likitan ƙashi, kafin ka isa gabansa wata ukun nan sun wuce, tsoron ya riga ya yi saiwa. Wanda zai same ka a satin farko shi ne nas ko jami'in lafiyar da ke kusa da gida, wanda za ka iya takawa ka je, ka kuma koma bayan sati biyu ya ga ko akwai ci gaba. Tun taron lafiya na duniya da aka yi a birnin Alma-Ata a 1978 ƙasashen duniya suka amince cewa kiwon lafiya matakin farko shi ne ginshiƙi, a kawo kulawa kusa da inda mutane ke zaune suke aiki, aka sake jaddadawa a wani taron a birnin Astana a 2018. Amma a kan mutane da yawa, har da ni kafin wannan abin, ƙaramin asibiti na rigakafin yara ne da awon ciki da zazzaɓi. Ba wanda ke tunanin kai bayansa can. A watan Disamba na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idojinta na farko kan kula da ciwon ƙugu mai naci, kuma musamman don irin waɗannan ƙananan cibiyoyin da ma'aikatan cikin al'umma ta rubuta su. Abin da ta sa a gaba shi ne a wayar wa mutum da kai kan ciwonsa, a ɗora shi kan motsa jiki mai tsari, a haɗa da tausa ko gashi in da hali, a taimaka masa ta fuskar tunani da damuwa, magani kuma irin su ibufurofen na ɗan lokaci. Cikin abubuwan da ta ce kar a riƙa yi har da jan baya da na'ura, da magunguna dangin taramadol, da kuma, ku tsaya kuji, bel. Bel ɗina da na yi wata biyar ina barci da shi.

Tambayoyin da Sista ta jero min kuwa ba hira ba ce, su ne rariyar. Da su ake tace ɗan ƙaramin kason da ciwon bayansu ba na wasa ba ne. Wanda fitsari ya riƙe masa ko yake zubowa, ko tsakanin cinyoyinsa ya mutu, ko ƙafafu ke ƙara rauni, wannan ba a ce masa je ka yi tattaki, a ranar ake tura shi babban asibiti don jijiyoyin ƙarshen laka ne aka danne kuma jinkiri na iya barin sa da lahani har abada. Akwai wani dattijo maƙwabcinmu da ya yi watanni yana shan maganin ciwon jiki, yana ramewa yana gumin dare, kowa na cewa tsufa ne, ashe tibi ce ta kama masa ƙashin baya, kuma irin waɗannan tambayoyin ne suka tono ta. Don haka in na ce ba kowa ke buƙatar hoto ba, ba ina nufin a zauna a gida a yi shiru ba. A je a tace ka. Bambancin kenan.

Akwai ma wata 'yar takarda mai tambaya tara da aka haɗa a jami'ar Keele ta Ingila, ana cike ta cikin minti biyu, don a gane tun da wuri wa ke cikin haɗarin ciwonsa ya zama mai naci. Abin da ya burge ni kusan rabin tambayoyin ba su shafi ƙashi ba sam. Kana ganin motsa jiki haɗari ne gare ka? Tunani na yawan damunka? Kana jin ciwon nan ba zai taɓa warkewa ba? Ka daina jin daɗin abubuwan da ka saba? Da an ba ni ita a sati na biyu da na cinye maki kaf. Wanda makinsa ya yi ƙasa a ba shi shawara ya tafi, wanda ya yi sama a ƙara sa masa ido a haɗa shi da likitan gashi tun abin bai yi nisa ba. Takarda da biro ne fa kawai.

Maganar magani kam sai an yi haƙuri da ni, don nan ne muke cutar kanmu da hannunmu. A 2023 mujallar likitoci ta Lancet ta wallafa wani gwaji daga Ostireliya kan mutum 347 masu sabon ciwon baya ko wuya, rabi aka ba su maganin kashe zafi mai ƙarfi dangin su taramadol, rabi aka ba su ƙwayar da ba komai a cikinta, bayan sati shida ba wani bambanci a zafin da suke ji, sai dai haɗarin kamuwa da jarabar ƙwayar da ya ƙaru ga na farkon. Ibufurofen da dikilofenak suna ɗan taimakawa, ban musa ba, amma mai olsa ko ciwon ƙoda ko hawan jini ko mai juna biyu ba a ce ya saya ya dinga afawa yanda ya ga dama ba, ni kaina sai da cikina ya fara zafi kafin na farga. Amfanin maganin dai ya rage maka zafi har ka iya tashi ka taka, in ka sha ka koma gado toh an yi ba a yi ba.

Laifin kuma ba na ma'aikatan lafiya kaɗai ba ne. Mutum ɗaya da layin mutum hamsin a waje, rubuta magani minti ɗaya ne, bayani kuwa minti goma, ga shi mu marasa lafiyar in ba a soka mana allura ba ko ba a tura mu hoto ba sai mu fito muna cewa ba a duba mu ba, kamar dai yanda na yi. Sai an horar da su kan abin, an kuma ba su lokaci, mu ma mun rage wannan son allurar. Sannan ban manta ba cewa ni aikin zama nake a gaban kwamfuta, ce min in tashi in taka abu ne mai sauƙi. Wanda ke dakon kaya ko yake wuni a duƙe ko yake tuƙi awa goma kan hanya mai gargada, shi ba rashin motsi ke damunsa ba, shi sai an duba yanda zai raba kayan gida biyu, ya matso da shi jikinsa kafin ya ɗaga, ya ɗan sassauta na 'yan kwanaki ba tare da ya rasa abin kai wa gida ba. Masu ƙididdigar cututtuka ta duniya sun ce kusan kashi biyu cikin biyar na nakasar da ciwon ƙugu ke jawowa daga abu uku take, yanayin aiki, shan taba, da ƙiba. Duk ukun nan abubuwa ne da jami'in lafiyar da ya san ka ya san sana'arka zai fi iya yi maka maganarsu fiye da baƙon likitan da zai gan ka sau ɗaya.

Ni dai na cire bel ɗin, ba don na yarda ba, don na gaji. Ranar farko minti biyar na taka na dawo ina tsine wa shawarar. Sista ta ce in ƙara minti biyu-biyu duk bayan kwana uku, in zafin ya ɗan tashi kar in tsaya sai dai in ya sauka ƙafa ko ƙafar ta fara sagewa, in dawo mata bayan sati biyu. Na koma, ta nuna min motsi uku da zan riƙa yi a kwance da safe, jan gwiwa zuwa ƙirji, ɗaga ƙugu sama, da juya gwiwoyi gefe da gefe. A sati na shida na wayi gari na sa safa a tsaye ban ma lura ba sai da maiɗakina ta ce, “Au, yau ba a kira mu ba?” Daga baya na ga wani gwajin na 2024, shi ma daga Ostireliya, kan mutum 701 da suka warke daga ciwon baya, waɗanda aka ɗora kan tsarin tattaki da ɗan bayani sun kai kwana 208 kafin ciwon da ke hana su harka ya dawo, waɗanda aka bari haka nan kwana 112. Ya kan dawo ɗin dai, wannan kam ba a ɓoye ba.

Nawa ma ya dawo watan jiya, bayan wata doguwar tafiya a mota. Na tashi da safe ƙugu a riƙe, tsohon tsoron nan ya taso min har wuya. Na zauna bakin gado na yi wa kaina tambayoyin Sista ɗaya bayan ɗaya, fitsari lafiya, ƙafa lafiya, ba zazzaɓi. Na sa ruwan ɗumi a wurin, na sha magani kwana biyu, na fita na taka minti goma ina ɗingishi ina mita. Kwana na biyar na je aiki. Na so in koma in faɗa mata amma aka ce ta yi ritaya, wata yarinya ce a kujerar yanzu, na dai zauna ta duba ni, kuma da ta buɗe baki tambayar farko da ta min ita ce ta fitsari.